Takalmin Hawa: Yadda Aikin Haɗa wa Mahayan Bargarmu Ke Tafiya

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Yau muka fara. Abin da muka sa a gaba shi ne kafin Ƙaramar Sallah kowane mahayi a bargar nan ya sami takalmin da ya dace da likkafar da yake hawa da ita. Mahaya goma sha biyu ne, uku daga cikinsu yara.

An saba a zuba kuɗi a kan jalala da linzami da rawani da alkyabba, ƙafa kuwa sai daren Sallah ake tunawa da ita. Alhali ita kaɗai ce gaɓar mahayi da ke shiga cikin ƙarfe. Idan 'yan bindigar hawan Sallah suka saki wuta doki ya zabura, mahayi ya zame daga sirdi, faɗuwar kanta sau da yawa takan zo da sauƙi. Abin da ya fi haɗari, har yakan naƙasa mutum ko ya kashe shi, shi ne ƙafa ta maƙale a likkafa, doki ya ja shi a ƙasa, kansa na kusa da kofatan baya.

Don haka ba mu je kasuwa ba tukuna. Likkafun gidan gaba ɗaya muka kwance, muka jera a kan tabarma. Iri biyu ne. Akwai ta gargajiya mai faffaɗan ciki kamar shebur, wadda tafin ƙafa duka ke zama a kanta, da bango hagu da dama. Irinta ake gani har ƙasashen Arewacin Afirka. Akwai kuma siririyar likkafa ta sirdin Turawa, irin ta 'yan folo da masu sukuwa, wadda gindin yatsu kawai ke takawa. Kowacce da takalminta. Faffaɗar tana son takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, domin dunduniya mai tsayi takan hana ƙafa zama daram a kan farantin. Siririyar kuwa dole sai da dunduniya, don ita ce ke tokare ƙarfen ta hana ƙafa zarcewa ciki har idon sawu. Haɗarin da muka fi gani a gidan nan shi ne gauraya biyun: mutum ya sa huffi mai laushi marar dunduniya, ya hau da siririyar likkafa. Mutum huɗu muka samu suna yin haka a kilisar yamma.

Asabar, 11 ga Janairu

Ranar awo. Likkafa muka fara aunawa, daga ciki, bango zuwa bango, a inda ta fi matsewa. Ƙa'idar ita ce faɗin cikin likkafa ya ɗara faɗin takalmi da kamar santimita 2 da rabi, wato inci ɗaya, rabi ta hagu rabi ta dama. In babu abin awo, yatsa ɗaya ya shiga ta kowane gefe. Idan ratar ta gaza haka takalmi zai cije. Idan ta yi yawa ƙafa za ta iya zurmawa gaba ɗaya, kuma wannan ya fi muni ga yara.

Siraran da muke da su yawanci inci 4 da rabi ne, ko 4 da kwata uku, kimanin santimita 11 da rabi zuwa 12. Guda biyu ne kacal masu inci 5. Na gargajiya kuwa aikin maƙera ne, ba su da lamba, kuma mun sami wadda ta hagu ta fi ta dama faɗi da kusan santimita ɗaya a sirdi guda. Kowacce sai da muka auna ta ita kaɗai, muka ɗaura mata ƙyalle da lamba. A irin waɗannan kada a tsaya a faɗi kawai, a auna tsayin bakan da ke saman ƙafa, domin wasu kan tsuke can sama su danne bayan ƙafa.

Awon ƙafa da yamma muka yi, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura da zirga-zirgar yini. Mutum ya tsaya a kan kwali da safar da zai hau da ita, nauyinsa a kan ƙafa biyu, a zagaya da fensir a tsaye, kada a karkatar da shi ƙarƙashin ƙafa. Duka biyun ake zanawa, a yi aiki da wadda ta fi girma. Bayan zane sai tef irin na tela: zagayen gindin yatsu, zagayen tsakiyar ƙafa, sannan wanda aka fi mantawa, daga ƙarshen dunduniya a zagayo ta gaban idon sawu. Wannan awon ne ke nuna ko ƙafa za ta iya ratsa wuyan dogon takalmi marar zif. Ga masu son dogo, mutum ya zauna a kujera gwiwa a lanƙwashe, a auna sha-raɓa a inda ta fi kauri a kan wandon da zai sa, sai tsayi daga ƙasa zuwa lanƙwasar bayan gwiwa. Mun ƙara santimita 2 zuwa 3 a tsayin, saboda fata takan tattare a idon sawu takalmin ya sauka bayan an yi ta sawa.

Lahadi, 19 ga Janairu

Muka ɗaure sirdi a kan wani gungumen itace a tsakar barga, kowa ya zo da abin da ya saba hawa da shi. Gwajin kala uku ne. Na farko, mahayi ya tura ƙafa gaba da ƙarfi, a ga ko za ta zarce. Na biyu, ya janye ta baya ba tare da ya sa hannu ba, a miƙe da kuma a murɗe. Na uku, a sa takalmin shi kaɗai cikin likkafa, a ɗaga a karkatar. In bai faɗo da kansa ba, ya faɗi gwaji.

Silifa da fade ba su ma kai ga gwaji ba. Ba sa kare yatsu, kuma dokin da ya haura kilo 300 in ya taka ƙafa a wurin ɗaura sirdi, farce da ƙashin yatsa ne za su biya. Igiyar silifa kuma takan saƙale a gefen ƙarfe.

Kambas shi ne ya fi yawa a ƙafar samari, shi ne kuma ya fi ba mu tsoro. Ƙasansa roba ce mai kama ƙarfe, ga faɗi, ga babu dunduniya. Wato yana shiga ya zarce cikin sauƙi, fitowa kuma ta gagara. Biyar aka kawo, huɗu suka faɗi gwaji na uku.

Takalmin sojoji da na masu aikin gini suna da dunduniya, shi ya sa mutane ke ganin sun isa. Amma ƙasansu na da manyan haƙora masu zurfi da ke cafke ƙarfen likkafa, kuma faɗinsu ya cinye ratar nan ta inci ɗaya. Ƙugiyoyin da ake saƙala igiya a wuyansu ma sukan kama igiyar likkafa ko gefen jalala. Masu ƙarfe a baki mun bar wa masu share barga da ba da harawa, a ƙasa suna da amfani, a kan sirdi sun yi nauyi da faɗi. Takalmin ruwa na roba shi ma haka: ya yi wa ƙafa yawa, ga zufa, kuma cikin zafi yakan yi laushi ya manne.

Sau-ciki na zuwa ofis guda ɗaya ya ci gwaji biyu, amma ba ya rufe idon sawu, ƙarfen zai goge fata. Mun ajiye shi gefe.

Wani abu da ya kamata a sani: sirdin Turawa yana da ɗan maƙalin ƙarfe da igiyar likkafa ke rataye a kai, wanda in aka bar bakinsa a buɗe igiyar kan zame ta fita idan aka ja ta baya. Sirdinmu na gida ba shi da wannan, igiyar a ɗaure take tamau. Ke nan mai hawa sirdin gida ba shi da wata mafita sai takalminsa ya saki da kansa.

Asabar, 25 ga Janairu

An zagaya wurin masu gwanjo don mahaya biyar masu siririyar likkafa. Abin da muke nema gajeren takalmi ne mai rufe idon sawu, mai roba a gefe biyu, irin wanda ya samo sunansa daga garin Jodhpur na Indiya. Ƙasa mai santsi ko mai ƙananan zane, a haɗe tun daga yatsu har dunduniya ba tare da wani tsagi a tsakiya ba. Dunduniya santimita 2 da rabi zuwa 3, gabanta a tsaye cak, ba mai gangara ba.

Uku muka samu. A gwanjo a lanƙwasa ƙasan takalmi sosai kafin a biya, domin wata robar in ta daɗe a ajiye takan ruɓe daga ciki, tana nan kamar sabuwa, ka taka kwana biyu ta farfashe kamar gurasa. A ja robar gefen ma a ga ko tana komawa. Sauran biyun za a ɗinka.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Mun zauna da dukawa biyu, muka kai musu kwalayen awo da likkafun kansu. Kai likkafar yana da muhimmanci: baduku ya ga ƙarfen da idonsa, ya gwada ƙasan da ya yanka a ciki tun kafin ya ɗinka.

Fata ita ce muka fi daɗewa a kai. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda tun zamanin fataucin Sahara ake kaiwa arewa har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, ba ta da na biyu wajen laushi da ɗaukar ado. Ita za a yi wuyan dogayen takalman da ita. Amma ba ta isa ta zama ƙasa ko bakin takalmi ba. Nan sai kirgi, fatar sa mai kauri wadda aka jeme da bagaruwa ta jemu har ciki. Yadda ake ganewa: a yanki gefe da aska a duba. Idan akwai farin layi a tsakiya jimar ba ta ratsa ba, kuma irin wannan in ta sha ruwa ta bushe takan ƙandare ta tsage.

Ga abin da muka rubuta musu. Na faffaɗar likkafa, guda bakwai: dogon wuya zuwa ƙasan gwiwa, ƙasa na kirgi mai kaurin milimita 6 zuwa 8, dunduniya falle ɗaya kawai da ba ta wuce santimita ɗaya ba, baki da bayan dunduniya a ƙarfafa su da ƙarin kirgi daga ciki. Na siririya, guda biyu: gajere, dunduniya ta fallayen kirgi da aka jera har santimita 2 da rabi, a manna a kuma kafe da ƙusa, da ɗan siririn ƙarfe a ɓoye ƙarƙashin tsakiyar ƙafa don kada takalmin ya lanƙwashe a kan likkafa. Duka a ɗinke ƙasa da zare mai kakin zuma. Gam shi kaɗai ba mu yarda da shi ba.

Mun hana ƙasa ta tsohuwar taya. Tana da ƙarko, gaskiya ne, amma tana kama ƙarfe kamar kambas. Mun kuma ce kada gefen ƙasan ya fito waje fiye da milimita 3, saboda wannan leɓen shi ke cin rata ya kuma saƙale.

Ado kuwa, a zuba shi yadda ake so a gefen waje da gaba. Gefen ciki, wanda ke manne da cikin doki, a bar shi sumul: ba tuntu, ba maɓalli, ba ƙarfe.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Samfuri biyu sun iso, an hau da su kwana uku. Gyara huɗu suka fito.

Ɗinkin da ya haɗa wuyan dogon takalmin an bi da shi ta gefen ciki. Igiyar likkafa tana gugarsa, shi kuma yana gugar ƙwauri. Cikin awa ɗaya ya tayar da bororo, zaren ma ya fara cinyewa. Za a mayar da ɗinkin baya, a rufe shi da siririyar fata.

Wuyan ya yi laushi da yawa, ya zube ya taru a idon sawu kamar safa, tarin kuma yana cika bakin likkafa. Fatar akuya falle ɗaya ba ta iya tsayuwa. Za a yi mata shafi da wata fatar daga ciki, sannan a ƙara falle na uku a gefen ciki daga idon sawu zuwa gwiwa.

Jan rinin yana zuba. Mun goga farin ƙyalle mai danshi ya fito ja, kuma dokin da aka hau da shi kili ne, mai farin gashi, sai ga jan tabo a haƙarƙarinsa inda gumi ya jiƙa fatar. Farin wando ma haka zai sha. An mayar don a goge rarar rinin a shafe fuskar fatar da kaki, kuma daga yanzu duk fatar da za a yanka sai ta ci gwajin ƙyalle tukuna.

Na huɗun ba laifin baduku ba ne. Gefen wata faffaɗar likkafa ya yi tsatsa ya yi kaifi, ya yanki fatar a daidai ƙaramin yatsa. Mun bi duka likkafun da magagari daga ciki, muka goge muka shafa mai. Biyu da suka tsuke an kai maƙera a buɗa su.

Gajeren samfurin ba shi da matsala sai kan ƙusa ɗaya da ya leƙo ta ciki. A riƙa zura hannu a shafa cikin dunduniya kafin a karɓi aiki.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Yaran uku. Iyaye kan so a sayo takalmi da girma don yaro ya daɗe yana sawa, amma a hawa wannan ba ya yiwuwa. Ratar gaban yatsa kada ta wuce santimita ɗaya. Matsalarsu ta ainihi ma likkafar manya ce da ake ɗora su a kai, wadda ƙafar yaro da takalminta duka za su iya wucewa ta ciki. Mun samo musu ƙananan likkafu, biyu daga ciki irin masu zoben roba a gefe ɗaya, wanda ke ɓallewa idan ƙafa ta danna shi. Gefen robar waje yake kallo, an taɓa ɗaura shi a juye. Hunturu yana busar da robar nan, a duba ta kowane mako, in ta fara tsagewa a sauya. Irin wannan likkafa ta yara ce da marasa nauyi, babban mutum zai iya lanƙwasa ta.

An kuma koya wa kowa, yara da manya, abin yi idan ƙaddara ta sa ƙafa ta maƙale: mutum ya yi ƙoƙarin juyawa ya kife a kan cikinsa, domin juyin kan sa ƙafa ta kuɓuce.

Kaimi ba a ba yara ba. Ga manyan da ke sawa, mun sa a ɗinka ɗan tudu na fata a bayan dunduniya don kaimin ya zauna a kai. In babu shi kaimi kan zame ƙasa, mahayi ya riƙa sukar doki bai sani ba. Maɗaurinsa ta waje ake ɗaurewa.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya kwana bakwai, kilisa ta koma bayan la'asar kuma an rage ta. Takalma bakwai cikin tara sun iso, duka sun ci gwajin gungume.

Yanzu sai horar da su. Sabon takalmi ba a fara sa shi ranar hawa. Awa ɗaya a rana a cikin gida na kwana uku, sannan gajeren hawa, a riƙa ƙarawa. Inda ya matsa a ɗan jiƙa wurin daga ciki da ruwa a sa a yi tafiya har ya sha iska. Kada a jiƙa shi duka, kada kuma a shanya a rana ko kusa da wuta. Sabon kirgi yana da santsi a kan ƙarfe, mun ɗan kankare ƙasan da takarda mai yashi, kaɗan kawai. Safa doguwa ta auduga wadda ta wuce wuyan takalmi. Masu faso a dunduniya su fara shafa man kaɗe da dare tun yanzu.

An yi tambaya a kan alwala, tunda ranar hawa mutum kan yini da takalmi a ƙafa kuma cire dogo aiki ne. A mazhabar Malikiyya shafa a kan huffi ya halatta idan na fata ne mai tsarki, ɗinkakke, ya rufe idon sawu, ana iya tafiya da shi, kuma an sa shi bayan cikakkiyar alwala ta ruwa. Ana shafar sama da ƙasa, kuma kada a bar taɓo ko wani abu ya shiga tsakanin hannu da fatar. Malaman mazhabar sun yi wa mahayi rangwame a kan kaimi. Wannan ma wani dalili ne da ya sa muka nace a kan ɗinki maimakon gam.

Alhamis, 20 ga Maris

Jiya aka yi gwaji da cikakkun kaya, awa uku a kan doki, da makaɗa a gefe don dawakin su saba. Zafi ya shigo sosai. Farantin faffaɗar likkafa in ya sha rana yakan yi zafin da ba a iya dafa shi da hannu, kuma nan ne kaurin milimita 8 ya nuna amfaninsa. Mai ƙasa mafi siranta a cikinsu ya ji zafin a tafin ƙafa, za a ƙara masa shimfiɗar fata daga ciki. Mahayi ɗaya yatsunsa sun yi sanyi sun mutu bayan awa biyu. Da aka duba, ya cusa ƙafar babban wando cikin takalmin, alhali a kan siririn wando aka auna shi. Za a buɗa wuyan ta baya a sa ƙarin fata santimita 2.

Kula da su bayan kowane hawa: a goge gumin doki da ƙyalle mai danshi tun bai bushe ba, domin gishirinsa ke busar da fata ya ci zare. A bari ya sha iska a inuwa, a cusa takarda a wuyan ya tsaya a miƙe. Man kaɗe kaɗan a yatsa sau ɗaya a mako biyu ya isa. In ya yi yawa fata takan saki ta rasa tsayuwa. Ƙasan takalmi ba a shafa masa mai. An kafa katako a bango aka ɗora su sama saboda gara da ɓera, kuma an gaya wa yaran su riƙa kifewa su kakkaɓe kafin su zura ƙafa, lokacin kunama ne.

Saura takalma biyu a hannun dukawa, sun ce ranar Litinin. Likkafa ɗaya har yanzu tana maƙera. Idan biyun suka wuce 25 ga wata ba su iso ba, kwanakin horar da su ba za su isa ba, masu su za su hau da gajerun gwanjo da siririyar likkafa a wannan Sallar. Bayan Sallah za mu buɗe ƙasan guda ɗaya mu ga yadda ɗinkin ya jure, kafin a ba da aikin na damina.